Wane asibiti za a nufa? Zafin ciwo ba shi ne ma'auni ba

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Likita, barka da aiki. Ina da yaro ɗan shekara huɗu da jaririya 'yar wata biyu, surukata mai hawan jini da ciwon suga kuma tana tare da mu. Kwanakin baya yaron ya tashi da zazzaɓi da mura cikin dare, na kai shi sashen gaggawa na babban asibiti, muka yi awa biyar a zaune, waɗanda suka zo bayanmu ana shiga da su, ƙarshe aka ba mu farasitamol aka sallame mu. Sai kuma ga wani dattijo maƙwabcinmu, da yamma hannunsa ya yi nauyi, bakinsa ya ɗan karkace, babu zafi, iyalinsa suka ce a bari gari ya waye. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya mutum zai gane ciwon gida, da na kemis, da na ƙaramin asibiti, da wanda za a ruga da shi?"

Malama, sannu da ɗawainiya. Allah ya raya miki zuri'a, dattijon kuma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Labarai biyun da kika kawo, amsar tana cikinsu. Yaronki yana kuka, jikinsa kamar garwashi, hankalin kowa ya tashi, amma da kun kai safiya babu abin da zai rasa. Dattijon ko uffan bai ce ba, alhali a daidai lokacin ƙwaƙwalwarsa ce ke mutuwa kaɗan-kaɗan. Yawancin mutane da zafi suke auna ciwo: in ya yi zafi a ruga, in bai yi ba a jira. Na daɗe ina aiki a sashen gaggawa, kuma a gaban idona wannan ma'aunin ya ci mutane da yawa. Mu abin da muke tambayar kanmu shi ne: in aka bar ciwon nan awa ɗaya, ko kwana ɗaya, ko mako ɗaya, me za a rasa, kuma abin da aka rasa zai dawo? Sai tambaya ta biyu: wane kayan aiki yake bukata, kuma a ina kayan suke?

Bari in fara da awa biyar ɗin da kika yi a benci, don na san har yanzu abin yana ranki. Sashen gaggawa ba ya aiki da wanda ya riga zuwa. Nas ɗin nan ta bakin ƙofa, mai tambayoyi gajeru kamar mai jin haushi, aikinta ta raba wanda jira zai kashe da wanda jira zai gajiyar kawai. Daga fagen yaƙi tsarin ya fito. Dominique Jean Larrey, likitan tiyata a rundunar Napoliyon na Faransa, shi ya tsaya kan cewa a fara da sojan da rauninsa ya fi muni, ko da kurtu ne, hafsa ya jira. A yau asibitoci da yawa launi suke rabawa. Tsarin da aka ƙirƙiro a Manchesta ta Ingila a shekarun 1990 yana da biyar: ja a gan shi nan take, ruwan goro cikin minti 10, rawaya awa 1, kore awa 2, shuɗi awa 4. A takarda ke nan. Ranar cunkoso mai kore yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Yaro mai zazzaɓi da majina, yana shan ruwa, yana amsa magana, kore ne. In aka bar ki a zaune, galibi albishir ne, ko da yake bai yi kama da albishir ba. Amma in yanayin mara lafiya ya canza kuna cikin jira, tashi ki koma wurin nas ɗin. Ana sake launi.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Wajen ƙarfe biyu aka shigo da wani saurayi yana birgima a ƙasa, ya riƙe kwiɓi, 'yan'uwansa huɗu suna ta ɗaga murya. Can ƙarshen benci ga wata dattijuwa zaune shiru, da ɗan ƙyalle tana goge goshi. 'Yarta ta ce olsa ce ta taso mata tun bayan isha'i, sun zo a ba ta wani abu ta samu barci. Nas ta ga zufa tana tsattsafo mata alhali daren akwai sanyi, ta kama hannunta ta ji shi sanyi ƙalau, ta tambaya ko tana da suga. Aka ce ta fi shekara goma. Ba ta ƙara tambaya ba, ta jawo keken marasa lafiya. Da muka manna mata wayoyin awon zuciya, takardar ta nuna jijiyar zuciya ce ta toshe. Saurayin tsakuwar ƙoda ce. An yi masa allurar kashe zafi ba da jimawa ba, don azaba ita ma tana ɗaga mutum sama a layi, kuma da safe da ƙafarsa ya tafi. Amma a mintunan farko saura kaɗan 'yan'uwansa su rufe mu da duka, wai mun bar mai mutuwa mun ɗauki mai lafiya.

Saboda surukarki na kawo wannan. Masu suga, da tsofaffi, da mata, sau da yawa ciwon zuciya ba ya zo musu da ciwon ƙirjin da aka sani. Sai haki, ko zufa mai sanyi, ko tashin zuciya, ko nauyi a saman ciki. Ga sauran mutane, nauyi ne a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, ya wuce 'yan mintuna bai saki ba, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya. Ƙa'ida ita ce a yi awon zuciya cikin minti 10 da isowa, domin tsokar zuciya in ta mutu ba ta sake tsirowa. In yana cikin hayyacinsa, ba ya zubar jini, asfirin kuma bai taɓa tayar masa da borin jini ba, ana ba shi miligiram 300 ya tauna a hanya.

Shanyewar ɓarin jiki ta fi kowanne yaudara, don yawanci ba ta da zafi. Gwajinta a gida bai kai minti ɗaya ba. Ki ce ya yi murmushi, ki duba ko gefen baki ɗaya ya zube. Ki ce ya ɗaga hannuwa biyu, ki ga ko ɗaya yana sauka da kansa. Ki sa shi magana, ki ji ko harshe ya yi nauyi. Ɗaya kawai ya isa. Nan take ki dubi agogo, domin abin da likita zai fara tambaya shi ne ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya lau. Kusan 85 cikin 100 na wannan ciwo gudan jini ne ke toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da ke narkar da gudan, amma sai cikin awa 4 da rabi da farawar alamun. A manyan cibiyoyi ana zura siririyar waya ta jijiya a zaro shi, galibi cikin awa 6, wasu marasa lafiyan har awa 24. An ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Ki lissafa daga magariba zuwa asuba.

Nan tambaya ta biyu take aiki. Ragowar 15 ɗin nan jijiya ce ta fashe, kuma a ido ba a bambanta su, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a nan ba a ba da asfirin a gida, don in fashewa ce ƙara ta zai yi. Shi ya sa kuma asibitin da ya fi kusa ba lallai shi ne daidai ba. In kika tsaya a ƙaramin wuri aka buɗe kati, aka ɗaura ruwa, aka rubuta takardar turawa, awa biyu sun tafi inda babu na'urar hoton. Gara a ƙara tafiyar minti 20 a sauka inda take. Kada a ba shi ruwa ko abinci, maƙogwaro ma yana shanyewa, sai ya sarƙe. In kuma alamun suka zo suka ɓace cikin 'yan mintuna, kada a ce ai ya wuce. Gargaɗi ne, babbar tana iya biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu, a ranar za a tafi.

Akwai inda ake juya ƙa'idar, a nufi mafi kusa kome ƙanƙantarsa. Mutum ya kasa numfashi har ba ya iya haɗa magana. Jini yana zuba, an danne shi da tsumma mai tsabta minti 10 bai tsaya ba. An suma ba a farfaɗo ba. Jijjiga ta wuce minti 5. Fuska da harshe sun kumbura bayan allura ko magani, murya ta shaƙe. Abin da waɗannan suke bukata a mintunan farko, wato oksijin, ƙarin ruwa, allurar adirenalin ko ta tsayar da jijjiga, akan same shi ko a ƙaramin wuri, a daidaita mutum sannan a wuce da shi gaba. Inda motar ɗaukar marasa lafiya take aiki da gaske, kiranta ya fi, don magani yana farawa tun a cikinta. Lambar 112 ce a Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da dama, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya. Ki nemi ta inda kike ki adana a waya. Inda kika san jiranta zai fi tafiyar tsawo, a sa shi a mota, amma kada mai ciwon ƙirji ya tuƙa kansa.

Yanzu jaririyarki. Dokarta daban ce da ta yayanta, kuma ko za ki manta komai a amsar nan, ki riƙe wannan. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, a lokacin za a kai shi asibiti, ko ƙarfe uku na dare ne, ko da yana shan nono yana kallonki. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar cuta tana iya shiga jini ko ƙwaƙwalwa cikin awanni ba tare da wata alama ba. Haka in jikin ya yi sanyi fiye da kima, ko ya ƙi kama nono. Ki ajiye ma'aunin zafi a gida, bayan hannu a goshi yana yin ƙarya.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamun haɗari: yaro ya kasa sha ko tsotso, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi da barcin da ba a iya tashinsa. Sai numfashi, wanda uwa za ta iya ƙirgawa da kanta. Ki bari ya natsu, ki ɗage masa riga, ki sa agogon waya minti ɗaya cif, ki ƙirga sau nawa cikin ya taso. Ƙasa da wata 2, 60 ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Ki dubi ƙasan haƙarƙari, in wurin yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, huhu ne ke wahala. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ƙuraje masu duhu da ba sa dusashewa in an danna su da kofin gilashi, a yi tunanin sanƙarau. Mai sikila kuwa, yaro ko babba, zazzaɓinsa ba ya kwana a gida. A yaro kamar babban naki, kamanninsa sun fi damuna a kan lambar ma'auni. Mai 39 da rabi da ya sha magani ya tashi yana rigima kan abin wasa ya fi kwantar min da hankali a kan mai 38 da ya kwanta lakwas ba ya ko kallon uwarsa. In uwa ta ce min, likita yaron nan ba haka yake ba, ina ɗaukar maganarta kamar sakamakon gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu kuma da ƙafarsu suke shigowa suna dariya, alhali lokaci ya fara ƙure musu. Kare ya ciji mutum, ɗan rauni kamar ba komai: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a nemi inda ake da allurar rigakafin haukan kare a ranar, domin cutar in ta bayyana kusan babu mai tashi, kuma tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima ranar farko garau yake, hanta ce ke lalacewa a ɓoye, makarinsa kuma ya fi aiki cikin awa 8. In da gangan ya sha, ko yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, wannan ma na gaggawa ne. Wanda ya bugu a kai ya suma ya farfaɗo, jini na iya taruwa a ƙoƙon kai ya kayar da shi bayan awanni. Yaro ko saurayin da ɗan marainansa ɗaya ya kama ciwo farat ɗaya, murɗewa ake zargi, tiyata cikin awa 6 ke ceto shi, kunya ce kuma take cinye awannin. Wadda aka yi wa fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Mai juna biyu da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin ɗa ya ragu, ɗakin haihuwa za a nufa, kuma wanda ake tiyata da ƙarin jini. Wadda al'adarta ta yi jinkiri sannan mara ta murɗa mata gefe ɗaya da jiri, a yi zargin ciki a wajen mahaifa.

Rauni ya fi sauƙin rabewa. Ƙuna ruwan famfo mai sanyi take so na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da mai. In faɗinta ya wuce tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska, hannu, al'aura ko kan gaɓa, ko ta lantarki ce, asibiti. Wadda ta yi fari ba ta zafi ita ce mafi muni, jijiyoyin jin zafin ne suka ƙone. Yankan da bakinsa ya buɗe ƙaramin asibiti ya ishe shi, a je cikin awannin farko, a tambayi allurar tetanas. Idon sawun da ya gurɗe kuwa, likitoci a Ottawa ta Kanada sun fitar da ƙa'ida a 1992 da har yau ake bi: in mutum zai iya taku 4, kuma ba ya jin zafi in an danna ƙasusuwan nan biyu na gefe, galibi targaɗe ne. In ya kasa, sai inda ake hoton ƙashi.

To, in kika cire waɗannan, abin da ya rage shi ne mafi yawan ciwon ɗan Adam, kuma gidansa ƙaramin asibiti ne. Zazzaɓin da ya kwana biyu, ciwon kunne, zafin fitsari, maruru, ciwon bayan da ya ƙi tafiya, damuwa da rashin barci. Inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro ba a jira kwana biyun ma: a yi gwaji cikin awa 24, na yatsa minti 15 zuwa 20 ne, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a sha magani. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada kaki. Ƙullutu a nono, jini a bahaya, rama ba dalili, ba a ruga da su cikin dare, amma kada mako ya zagayo ba a nuna su ba.

Mutane suna raina ƙaramin asibiti, ni kuwa ba na raina shi. Tun a taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, amma hujjata ta fi wannan sauƙi. Hawan jinin surukarki da sugarta ciwo ne na shekaru. Suna bukatar mutum ɗaya da ya san lambobinta na watan jiya, ya san wane magani ya sa ta tari aka canza, yana duba ƙafarta da idonta da ƙodarta lokaci-lokaci. Ni sau ɗaya zan gan ta, ba ni da fayil ɗinta, rabin hankalina yana gadon da ke kusa. Ko jininta ya hau a na'urar gida, in babu ciwon ƙirji, haki, rikicewa, ciwon kai mai tsanani ko raunin gaɓa, ta huta minti biyar ta sake aunawa, a ga likitanta a ranar ko washegari. In ya kai 180 bisa 120 tare da ɗaya daga alamun nan, wurinmu za a zo. Tsallakewa kai tsaye wurin ƙwararre ma yana da nasa tarkon. Mai jiri da ya zaɓi likitan ƙwaƙwalwa da kansa zai iya shan hotuna iri-iri, alhali ƙarancin jini ne, ko maganin hawan jini ne ya yi masa yawa. Kowane ƙwararre ta tagar gaɓarsa yake leƙen mutum.

Kemis, in akwai mai ilimin magunguna na gaske a ciki, yana da amfani ƙwarai. Mura, ƙaiƙayi, ƙwannafi na lokaci-lokaci, taurin bahaya, da tambayar ko wannan maganin yana haɗuwa da wancan, ya fi ni saurin warware miki su. Iyakarsa ita ce ba ya taɓa ciki, ba ya sauraron huhu. Na ƙwarai shi ne mai iya ce miki wannan ya fi ƙarfina. Wanda duk abin da kika faɗa sai ya haɗo miki kala biyar da allura a kai, ki canza wuri. Kuma don Allah a daina neman antibayotik saboda mura. Bairos ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa shi, majina ta yi kore ma ba hujja ba ce. Iyakar abin da ake samu shi ne ƙwayoyin cuta su koyi bijire wa magani, kuma an ƙiyasta cewa wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019.

Gida shi ma wurin jinya ne. Daren nan da kika kwana a benci, da farasitamol daidai nauyin yaron da ruwa a kai a kai kun kai safiya, sannan a kai shi ƙaramin asibiti a gwada. Ban ga laifinki ba fa. In kina kokwanto kan yaro, gara ki zo mu sallame ki. Mura takan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana 10. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, kuma a duba magungunan mura, da yawansu akwai shi a ciki. Gudawa maganinta ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana bayarwa kaɗan-kaɗan, ga yara a haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Sharaɗin zaman gida shi ne ki sa wa ciwon wa'adi. Ki ce zuwa gobe war haka in bai fara sauƙi ba za mu je a duba, in kuwa ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, jini ya fito a bahaya, ko ya daina sha, ba za mu jira wa'adin ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan ki bincika wane asibiti kusa da ku ke buɗe dare da rana, wanne ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wanne ke da jini da ɗakin tiyata, wanne ke kwantar da jarirai. Ki tara magungunan surukarki a jaka ɗaya da kwalayensu. Ranar da kika tsaya gaban nas ɗin nan, kada ki ɗauko labari daga shekara uku baya. Ki ce: tana da suga da hawan jini, ƙarfe 7 tana magana lafiya, 7 da rabi bakinta ya karkace, ga magungunanta.

Shi kuma maƙwabcinku, ki faɗa wa iyalinsa aiki bai ƙare ba. Lokacin allurar ya wuce, amma mafi yawan abin da jiki ke maidowa a watanni 3 zuwa 6 na farko yake dawowa, don haka a kai shi sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓoɓi, tun yanzu, a duba haɗiyarsa, in yana kwance a riƙa juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Maganin hawan jini kuma kada a tsaya da shi don ya ji sauƙi, wanda ya yi ta farko shi ya fi kusa da ta biyu.